Abin da masu wanka suka gani a jikin Inna

Inna, uwar maigidana, ta rasu ranar Talata da hantsi, aka kai ta makwancinta bayan azahar. Kafin masu makara su dawo, babu gidan da ba a san abin da ke jikinta ba a layinmu na Kpakungu. Mata uku ne suka yi mata wanka, kuma duk ukun ita ta koya musu aikin. Ban san wadda ta buɗe baki a cikinsu ba, ban kuma bincika ba, don in na sani ba zan ƙara iya gaishe ta ba.

Ina zaune a kan tabarma a tsakar gida ina amsa gaisuwa, magana tana yawo ta bayan kunnena. Wata ta ce ƙullutu ne tun daga wuya har idon sawu, kamar an cusa wake a ƙarƙashin fata. Wata ta ce har a ƙarƙashin harshe akwai. Wata tsohuwa da ta zo daga Chanchaga ta yi salati, ta ce dama mai taɓa gawa shekara da shekaru ba ta gamawa lafiya. Sai wata mai sanyin murya, irin masu dafa ƙirji kafin su yanka mutum, ta ce, "Ni dai abin da na ji, likita cewa ya yi tsutsar alade ce. Allah dai ya sa mu cika da imani." Aka amsa da amin, amin ɗin da ya fi zagi ciwo.

Akwai masu kukan gaskiya. Wata mata da ban taɓa gani ba ta riƙe hannuna har ya yi zafi, ta ce, "Ita ta wanke mini uwa, ita ta wanke mini 'ya. Ana ruwan sama ta zo, ko lema babu." Ta faɗi haka ta tashi ta tafi, ko ruwa ba ta sha ba.

Da la'asar maƙwabta suka fara aiko da abinci, tunda ba a ɗora tukunya a gidan mutuwa. Maman Tagwaye ta ɗauko nata a ka. Ita ce aminiyar Inna, Kirista ce 'yar kudancin Kaduna, tana haya a gidan Inna na biyu da ke manne da namu. Yayan maigidana, wanda duk muke kira Yaya Babba, ya tare ta a zaure. Daga ciki nake jin muryarsa.

"Koma da shi. Wanda kika ba ta ya isa."

Ta amsa da Hausarta da ba ta raba mace da namiji, "To ka bar ni in shiga in gaida yara, ko ban ajiye abinci ba."

Ya ce gaisuwarta ta iso. Ya ce kuma ta fara neman wurin zama, don da zarar an yi addu'ar bakwai zai karɓi makullin ɗakin da take ciki.

A cikin duk mutanen da suka cika gidan nan ni kaɗai na san ba ita ta jawo wa Inna ciwon ba, kuma na san ko wace ce. Kwana bakwai nake da su in yanke shawara. Amma kafin in kai can sai na faɗi wace ce Inna, don ba zan yarda Kpakungu ta riƙa tuna ta da ƙullutu ba.

Mahaifinta Bakano ne da aikin reluwe ya kawo Minna. A nan aka haife ta, a nan ta tsufa, amma har ta mutu in ta ji Hausar da ba ta yi mata ba sai ta gyara wa mutum, ko a tsakiyar kasuwa ne. Gajeriya ce, ga faɗa, ga saurin tafiya kamar ta bar tuwo a wuta. Wankan gawar mata a wajen kakarta ta gaje shi. Tana da wata jaka rataye a bayan ƙofa, a ciki akwai ganyen magarya da kafur da sabulu, da farin tsumman da take naɗewa a hannu, da almakashin yanka likkafani. In aka yi sallama aka ce an yi rashi, ko loma ce a hannunta ajiyewa take yi.

In ta fito daga ɗakin wanka magana ɗaya ce a bakinta: "Ta yi kyau." Ko wace ce, ko me ta gani. Na tuna wata budurwa da ta rasu a bayan layinmu, aka yi ta raɗe-raɗin ciki ta zubar. Matar Yaya Babba ta biyo Inna har ɗaki da kofin kunu, ta zauna tana ta kewaye-kewaye, daga ƙarshe ta ce, "Inna, wai da gaske ne abin da ake faɗa?" Inna ta shanye kunun tas, ta miƙa mata kofin, ta ce, "Ranar da zan wanke ki, kina so in fito in ba da labari?" Matar ta fita da kofinta, sai da ta yi wata guda ba ta taka ɗakin ba. Masu koyon aikin kuwa kullum abin da take nanata musu shi ne wadda ke kwance ba ta iya jan zane ta rufe kanta, don haka su ne hannunta.

Ni shekara biyar ke nan da shigowata gidan. A coci na tashi. Iyayena mutanen kudancin Kaduna ne, a Minna aka haife ni, na musulunta wata huɗu kafin a ɗaura mini aure da autan Inna. Dangi ba su so ba, nasa da nawa. Mahaifina ya ce kada in ƙara taka masa gida. Ranar da aka kawo ni, Yaya Babba bai amsa gaisuwata ba sai da Inna ta daka masa tsawa a gaban mutane, shi da furfurarsa. Ita ta koya mini alwala, tana tsaye a kaina da buta, in na yi sauri ta ce, "'Yar nan, gwiwar hannun ba ta yi miki laifi ba, ba ta ruwa." Tuwona na farko cewa ta yi a ajiye shi, in damina ta zo a toshe ɓarakar katanga da shi. Da na haifi 'yata, ta ɗauki mayafi ta tafi gidanmu ita kaɗai, ta zauna a ƙofa tun safe, ta ce ba za ta tashi ba sai mahaifiyata ta biyo ta ta ga jikarta. Da azahar sai ga su tare.

Abu ɗaya na iya tun daga gida da ya burge ta, shi ne kwaɗon zogale. In dafa ganye, in daka ƙuli-ƙuli, in yanka ɗanyar albasa da tumatir, in cakuɗa da hannuna, don Inna ta ce cokali ɓata kwaɗo yake yi. Kusan kullum da yamma sai na yi mata, kuma ba ta cin na kowa sai nawa. Ina alfahari da wannan, har yanga nake yi wa matar Yaya Babba da shi.

Ita da Maman Tagwaye sun fi shekara ashirin kwano yana yawo a tsakaninsu. Maman Tagwaye tana da wata ƙaramar tukunya da ludayi da ta rataye daban, ba a dafa komai a ciki sai abin da za a kai wa Inna, naman ma wajen mahaucin Inna take saye. Babu wanda ya ce ta yi haka. Faɗa kuwa ba su da aiki sai shi. Sun taɓa yin kwana tara ba sa magana a kan igiyar shanya, amma ko rana ɗaya kwanon bai tsaya ba. Inna ta miƙo mini ta ce, "Kai wa waccan matar, kada ki ce ina gaishe ta." Maman Tagwaye ta karɓa, ta ɗanɗana, ta ce, "Ka gaya masa gishiri ya yi yawa."

A shekarata ta uku a gidan ƙullutun farko ya fito wa Inna a damtse. Ba ciwo, ba ƙaiƙayi, in an danna sai ya gusa. Sai wani a kafaɗa, wani a cinya, wasu a baya. Ta mai da abin wasa, ta ce Allah ya ga tana yawan yar da carbi, shi ya sa ya dasa mata nata a jiki. Wanzami ya yi mata ƙaho, babu abin da ya ragu. Sai ciwon kai ya biyo baya, irin wanda ke sa ta ɗaure goshi da ɗankwali har idonta ya yi ja. Ta fara mantuwa. Wata rana ta tsaya a tsakar gida da buta a hannu ta tambaye ni ko ta yi sallar azahar, alhali a gabana ta sallame.

Wata Alhamis da safe aka kira ta wanka. Ta raba gashin mamaciyar gida uku tana cikin kitsawa sai ta sandare, ta faɗi, jikinta ya kama fizga, kumfa na fita a bakinta. Matan da ke taya ta suka fito a guje ko mayafi babu. Tsohuwa ce da ta haura sittin da biyar, ba ta taɓa farfaɗiya ba, babu mai ita a danginsu. Kafin yamma layi ya yanke hukunci cewa aljanin gawar ne ya shige ta. Aka yi wata uku ana ruƙiyya da hayaƙi da rubutu, tana faɗuwa duk bayan 'yan kwanaki. Abin da ya fi ciwon cin ranta shi ne an daina kiranta. Za ta ji kukan mutuwa a layi, ta sauke jakarta ta zauna a bakin gado tana jiran sallamar da ba za a yi ba. Ba na son tuna wannan zaman.

Maigidana ne ya gaji ya kai ta asibiti. Suka yanke ƙullutu ɗaya suka auna, suka tura mu Abuja a ɗauki hoton ƙwaƙwalwarta. Mu huɗu muka shiga wajen likita: Inna, 'ya'yanta biyu, da ni mai riƙon jaka. Ya ɗaga hoton a jikin fitila. Ɗigo-ɗigo ne ko'ina, kamar an watsa gero a faranti. Ya ce kowane ɗigo 'yar jakar ruwa ce da ɗan tsutsa a ciki, kuma irinsu ne a ƙarƙashin fatarta da cikin tsokarta. Ya ce 'ya'yan tsila ne, tsutsar cikin nan mai faɗi, irin wadda ake ɗauka daga naman alade.

Yaya Babba ya miƙe tsaye. "Likita, ka san da wa kake magana? Baiwar Allahn nan ko inuwar alade ba ta taɓa takawa ba."

Likitan ya ce ya zauna ya ji ƙarshen magana. Ya ce wanda ya ci naman da bai dahu ba, shi ne babbar tsutsar ke zama a hanjinsa, sau da yawa ma lafiyarsa ƙalau. Ƙwayayenta suna fita a bayan gidansa, ido ba ya ganinsu. In suka maƙale a hannu ko a farce, ko suka shiga ruwa ko ganyen da ake ci ɗanye, wanda ya haɗiye su a jikinsa suke ƙyanƙyashewa, su bi jini su bazu.

"Hajiya ba nama ta ci ba," in ji shi. "Ƙwai ta haɗiya, kuma ko liman zai iya haɗiyarsa bai sani ba. Ina so duk wanda ke gidan, musamman masu girki, ya kai bayan gidansa a auna."

Kalma ɗaya Yaya Babba ya ji a duk bayanin nan, ita ya riƙe har Minna. Ya ce babu wanda zai ɗauki kashinsa ya kai asibiti daga gidan ubansa a ci masa mutunci. Ya ce mutum ɗaya ce ke shigo da abinci daga waje, kuma kowa ya san abin da danginta ke ci. Ni kuwa tun da likitan ya ambaci farce na dunƙule hannuna a cikin hijabi, ban buɗe ba har muka sauka a tasha.

Kirsimetin ƙarshe da na yi a ƙauyenmu, kafin in musulunta, an gasa nama a tsakar gida, na ci kamar kowa, wani ma da jini-jininsa. Bayan aurena da 'yan watanni na fara ganin wasu fararen abubuwa masu faɗi a bayan gidana, kamar gutsattsarin taliya, har suna motsi. Amarya ce ni, tubabbiya, a gidan da ake kallon yadda nake kai loma baki. Wa zan faɗa wa? Na sayi maganin tsutsa a kemis na sha a ɓoye, abin ya yi sauƙi ya dawo, har na saba da shi. Ruwa kuma a Kpakungu sai 'yan garuwa sun ga dama. Buta ɗaya nake shiga bayi da ita, sabulu sai in na tuna. Daga nan in fito in cakuɗa wa Inna kwaɗo.

Na ce zan je asibiti da 'yata tana tari, na hau acaɓa na tafi wani ɗakin gwaji a Chanchaga inda babu wanda ya san ni. Bayan kwana biyu aka ba ni takarda, na kai wa likitan da ke duba Inna a Minna. Ya karanta, ya rubuta mini magani, ya dudduba yarinyar bai ga komai ba. Ya ce ba zai rantse cewa daga gare ni Inna ta ɗauka ba, garin cike yake da kwata da ganyen da ba a wankewa. Na gode masa da ya so ya sauƙaƙa mini, amma ni na san mai sa hannu a abincin Inna. Abin da ya fita daga cikina bayan na sha maganin ba zan siffanta shi ba.

Da hantsi na sami Inna, maza sun fita kasuwa, tana zaune tana laluben carbi don idonta ya fara dushewa. Na durƙusa na faɗa mata komai, tun daga gasasshen naman har takardar. Jira nake ta tsine mini, na ma fi son hakan. Sai kawai ta tambaye ni:

"Kin sha maganin?"

Na ce na sha.

"Ya fita?"

Na ce ya fita.

"To tashi ki wanke hannu da sabulu ki yi mini kwaɗo, yunwa nake ji."

Na ce, "Inna, ni na kashe ki."

"Ban mutu ba tukun, kada ki yi mini gaggawa." Ta laluba ta kama kunnena kamar yadda take yi wa jikokinta. "Saurara, 'yar nan. Maganar nan a ɗakin nan ta tsaya, ko mijinki kada ya ji. Na san ɗan da na haifa, babban nan. In ya ji, ba za ki ƙara kwana a gidan nan ba, ƙaninsa kuma bai taɓa iya ce masa a'a ba. 'Yarki a nan za a riƙe ta. Gidanku kin baro shi saboda mu, ina za ki?"

Na ce to Maman Tagwaye fa, da ake ɗora wa laifin?

Ta ce, "Wannan ki bar mini, ai ina raye."

Ba a yi mako ba Yaya Babba ya ga kwanon Maman Tagwaye a zaure. Ya ɗauka da kansa ya dire mata a ƙofa, ya faɗi maganganun da ba zan maimaita ba. Inna ta ji daga ɗaki. Matar da sai an riƙe ta take zuwa bayi ta ce in ba ta sandarta, ta ture hannuna, ta bi bango ta fita. Ta zauna a kan benci a ƙofar Maman Tagwaye da rana tsaka, layi cike da mutane, ta ce a ba ta kwanon. Ta ci da hannu, a hankali, har ta suɗe shi. Yaya Babba yana tsaye yana huci.

Ta ce, "Kai, ba ka ji likita ba ne, ko kai ma tsutsar ta shige maka kunne? Matar nan ba ta taɓa ba ni komai ba sai alheri. Ranar da ka ƙara taɓa kwanon nan, ban yafe maka nonon da ka sha ba."

Daga nan suka shige ɗaki su biyu suka turo ƙofa. Sun daɗe, ni ina waje riƙe da sanda.

Wannan ya rufe bakin Yaya Babba wata bakwai, iyakar abin da ya rage wa Inna ke nan, amma bai rufe bakin matarsa ba, bai kuma rufe na layi ba. Likita ya ce tsutsotsin sun yi yawa, in aka kashe su gaba ɗaya ƙwaƙwalwar za ta kumbura ta tafi da ita, sai dai a lallaɓa da maganin kumburi da na farfaɗiya. Idonta ya tafi gaba ɗaya. Wata rana ta gane muryata, wata rana ta kira ni da sunan ƙanwarta da ta rasu tun kafin a haife ni. Ni nake mata wanka, yatsuna suna bi ta kan ƙullutun nan ɗaya bayan ɗaya, kowanne na san daga inda ya zo. In na gama sai ta ce, "Na yi kyau?" in ce, "Kin yi kyau, Inna."

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne in ruɗewa ta zo mata tana sambatu a gaban mutane. Sai in zauna ina jiran ta faɗi sirrina. Ta yi faɗa da mijinta marigayi, ta nemi almakashinta, ta aiki mutanen da suka daɗe a ƙasa, amma ko sau ɗaya maganata ba ta suɓuce mata ba. Ina jin kunyar faɗa, amma gaskiya ce: tana wannan halin, ni kaina nake ji wa tsoro.

Ranar Talatar farfaɗiyar ta zo ta ƙi sakinta, ɗaya na bin ɗaya. Kafin a samo mota ta cika a kan cinyata.

Kwana shida na zaman makoki ina jin Maman Tagwaye ta bayan katanga tana jan akwati tana ɗaure kaya. Kullum sai in ce gobe. Ina gaya wa kaina cewa Inna ce ta hana ni, wasiyya ce, ba a taka wasiyya. Amma na san "ina raye" ta ce, yanzu kuwa ba ta raye. In na yi shiru, za a kori tsohuwa da sunan ta ciyar da aminiyarta haram, Inna kuma za a yi ta faɗin ta ci. In na yi magana, aurena ne da 'yata.

Ranar bakwai, bayan an shafa addu'a baƙi sun ragu, 'yan gida suka taru a ɗakin Inna. Yaya Babba ya ce wa maigidana ya zagaya ya karɓo makullin. Maigidana ya yunƙura zai tashi. Ban san lokacin da na riga shi ba. Na durƙusa a gaban Yaya Babba na ajiye takardar gwajin a kan tabarma. Ban rage komai ba.

Na ce, "Yaya, Inna ba ta ci haram ba, Maman Tagwaye ba ta ba ta ba. Ni na shigo da tsutsar nan gidan nan a cikina, tun kafin in musulunta na ɗauke ta, kuma ta hannuna ta shiga bakin Inna. Inna ta sani, ita ta hana ni faɗa."

Matar Yaya Babba ta tattare zanenta ta matsa daga kusa da ni. Shi kuma ya ɗauki takardar ya jujjuya, ya kalli ƙaninsa ya ce, "Ka ji abin da ka kawo mana." Maigidana bai kalle shi ba, ni yake kallo. Ya ce, "Wata bakwai kina kallona da wannan a cikinki?" Na ce e. Ya tashi ya fita. Babu wanda ya ƙara maganar makulli.

Yau kwana arba'in da rasuwar Inna, kuma maganar ba ta gama ƙarewa ba. Yaya Babba ba ya cin abin da na dafa, bai kuma ba kowa haƙuri ba. Sau biyu ya ce wa ƙaninsa ya sallame ni. Maigidana bai ce to ba, bai ce a'a ba, tsakanina da shi gaisuwa ce kawai, sai dai makon jiya ya je da kansa likita ya duba shi. Ban san inda za mu ƙare ba. Layi ya sami sabon abin faɗa, ni ce, sun saki Inna.

Amma a ranar bakwai ɗin, da na fito daga ɗakin, sai na zagaya wajen Maman Tagwaye. An kwashe komai, ƙullin kaya ne jibge a tsakar ɗaki, tana jiran ɗanta ya zo da mota daga Gwada. Na durƙusa na fara faɗa mata. Ban kai rabi ba ta zauna a kan ƙulli ɗaya ta dafe kai.

"Wane ne ya aike ka? Ka riga ka fada musu?"

Na ce na faɗa.

"Kai, yarinyan nan. Ka bata mana aiki."

Ta ce ranar da Inna ta ci abinci a ƙofarta, da suka shiga ɗaki, Inna ta gaya mata komai. Ta ce mata ba za ta iya bari a riƙa zaginta ba ta san dalili ba, kuma in tana so ta faɗa wa duniya ta wanke kanta, haƙƙinta ne, ba za ta ga laifinta ba.

"Na ce masa ni tsohuwa ne. In an kore ni, daki na rasa, zan tafi Gwada wurin yarona. Kai in an kore ka, ina za ka je? Wata bakwai ana tofa mini miyau a hanya na yi shiru, kai kuma kwana bakwai ya gagare ka."

Na ce ta yafe mini. Ta ce wannan mai sauƙi ne. Na ce to ta yafe wa Inna, don a wajenmu haƙƙin mutum ba ya sauka sai mai shi ya sauke, ni kuma ba na so a tsare Inna a can saboda ni. Ta kalle ni kamar na zage ta.

"Bai dora mini ba, ni na dauka. Ka tashi ka kwance mini wannan kaya, bayana yana ciwo."

Na share fuska na fara kwance igiya. Allah ya jiƙan Inna, ya yalwata mata kabarinta, ya ba ta maƙwabta a can irin wadda ta bari a nan.